Lamba Goma

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe shida da rabi na safe

Maritza ce ta saya mini wannan littafi, wai in riƙa rubuta abin da ke raina maimakon in riƙa sauke shi a kan mutane. 'Yar da na haifa ke nan. Ta yi zamanta a Bogotá tana aiko mini da shawara ta waya, ni kuwa ina nan Bucaramanga, ga gida, ga zafi, ga kare. To, ga shi na rubuta.

Jiya da na je can, gidan kula da tsofaffi, Sista Inés ta tare ni a bakin ƙofa ta ce sun amince. Ranar Lahadi 23 ga wata zan iya kai wa mijina Abelardo karensa, awa ɗaya, a cikin lambu. Sharaɗi biyu ne: katin rigakafi, sannan kare ya zo a wanke tas, ba wari ba ƙuma. Ta ce kullum sai ya tambaye su ina Coronel. Da safe ya tambaya, da rana ya tambaya. Ta ce sunan nan ne kaɗai bai taɓa kuɓuce masa ba. Tana faɗa tana murmushi, a tunaninta albishir take yi mini. Na ce mata na gode.

Da na dawo na tsaya na kalli Coronel da kyau, karo na farko tun Disamba. Kai jama'a! Ya koma kamar tsumman goge ƙasa. Gashi ya cukurkuɗe, bayan kunnuwa ya dunƙule, gashin bakin nan da gemun da suka sa aka raɗa masa sunan hafsan soja duk miya ta bushe a ciki. Ni ba mai son kare ba ce, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ina ba shi abinci, ina ba shi ruwa, ina buɗe masa ƙofa. Taje gashi da hira da lallashi aikin Abelardo ne, shekara tara yana yi.

Abin kunyar shi ne gidan masu aski ne. Shekara arba'in da ɗaya muna aiki a ɗakin gaban gidan nan, ni da inji, shi da almakashi da reza. Ni nake fara kai, shi yake gamawa. Amma kan kare ban taɓa taɓawa ba, kuma ba yanzu zan fara ba.

Saura kwana ashirin. So nake Abelardo ya gan shi ya gane shi, shi ke nan abin da nake so.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Na sami katin mai wankin karnuka a aljihun rigar aikin Abelardo. Sunanta Yurley, shagonta yana bayan kasuwa. Ban yi niyyar daɗewa da rigar a hannuna ba. Arepa, wainar masara, ta ƙone a kan wuta, na ba Coronel, shi ma ya ƙi ci.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na kai shi. Tun daga kwanar kasuwa yake ja na, ya fi ni sanin hanya.

Yarinyar ba za ta wuce shekara talatin ba, ga zane a hannu, ga gashi rabi shuɗi. Tana ganinsa ta durƙusa a ƙasa tana cewa, “Ranka ya daɗe, ina ka shiga haka?” Shi kuma ya hau kaɗa bindi kamar zai karye. A gida ko kallona ba ya yi. Sai da suka gama gaisawarsu sannan ta ɗago ta ce ai ni ce doña Edelmira, wato uwargida, yaya don Abelardo, wato maigida. Na ce yana nan lafiya.

Ta ɗora shi a tebur ta shiga cusa yatsu cikin gashin, tana yi mini bayani: nan ya ƙulle har fata, nan za a iya ceto shi in an yi haƙuri, nan kaza nan kaza. Ni kuwa warin sabulu da ƙarar injin busarwa sun cika mini kai, kuma ban zo ɗaukar darasi ba. Na ce mata saisaye kawai nake so, kada a rage da yawa. Ta tambaye ni tsawon da za a bari. Na duba bango, ga kawunan inji a jere da lambobinsu: huɗu, biyar, bakwai, goma. A sana'armu ko yaron da ya zo askin farko ya san lamba ɗaya ita ce mai kwashewa, in lamba ta hau gashi ya fi saura. Sai na zaɓi babbar. Na ce goma.

Ta ce, “Doña, goma fa a wajenmu...”

Na ce, “'Yar nan, tun uwarki tana 'yar makaranta nake riƙe da inji.”

Can ta sake cewa ai don Abelardo kullum in ya zo... Jin sunansa a bakinta, yadda ta faɗe shi kamar nata, shi ya tunzura ni. Na ce mata don Abelardo ba ya nan, ni ce nan, kuma na ce goma. Na ajiye igiyar na fita.

Ta kira wayata sau biyu ina wajen mai tumatir. Na gani, ban ɗauka ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Wayyo Allah.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ƙwaryar molo ta yi masa. Tal-kwabo. Da ta fito da shi na ɗauka karen wani ne, har na matsa gefe don mai shi ya wuce. Fata ce zalla, ruwan toka, da 'yan ɗigo-ɗigo da ban taɓa sanin yana da su ba. Ƙafafu kamar tsinken tsire. Sannan don a ƙara mini baƙin ciki ta bar masa gashin baki da gemu yadda suke, ta wanke ta taje kawai, ko tsinke ɗaya ba ta yanke ba. Tsirara da gemu!

Na yi mata tatas a gaban mutane. Na ce ba ta san aikinta ba, na ce da a shagonmu ne ko tsintsiya ba zan ba ta ta riƙe ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba sai na rubuta ba. Ta tsaya riƙe da tawul, idonta ya ciko, ta ce, “Goma kika ce, doña. Na kira ki.” Na ce ta riƙe kiranta.

A hanya maƙwabciyata doña Tránsito ta leƙo ta taga, ta ce ashe na yi sabon ɓera, ina tsohon karen? Dariya har da riƙe ciki. Allah ya sa haƙoran robarta su faɗa miya.

Yaya za a yi ya gane wannan abin?

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Ya kwana ƙarƙashin kujerar aski. Ya ƙi fitowa. Saura kwana goma sha bakwai.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa Maritza. Maimakon ta taya ni jin haushi sai ta ce, “Mami, kin dai bari ta gama magana?” Na ce wace magana, ni da na san lamba tun ba ta da haƙora. Ta ce gashi ne, zai fito. Kowa ya san zai fito. Yaushe zai fito, shi ne zancen. Daga nan ta koma kan waccan maganar, ta cewa mun yi abin da ya dace a Disamba, ba wanda zai iya tsaron mutum dare da rana. Ban tambaye ta ba. Na ce mata gahawata tana tafasa, na kashe.

Yarinyar ta turo saƙon murya guda uku. Ban buɗe ba.

Lahadi, 9 ga Maris, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na je can. Abelardo ya yi kyau. Ya ci abinci sosai. An yi masa aski, ba laifi, amma ƙeyar ta karkace, duk wanda ya yi ba ya duba madubi.

Mun zauna a inuwar mangwaro. Ya ba ni labarin karensa, tiryan-tiryan, kamar yadda ake ba baƙo labari a motar haya. Wai gashinsa toka-toka ne, mai laushi, in ka sa hannu sai yatsunka su ɓace a ciki. Ya nuna mini da hannunsa a iska. Na ce kare mai kyau ne. Ya ce sosai, ya kamata wata rana in gan shi.

Ya ci abinci sosai. Na riga na rubuta wannan.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Na shafa wa Coronel man kwakwa. Jiya fiya da ƙwai na kwaɓa, doña Tránsito ce ta ce haka suke yi wa jikarta. Ya lashe rabi, ya goga sauran a kujerar falo. Na ɗauko matajin Abelardo na auna gashin bayan karen: bai kai ko rabin haƙorin mataji ba.

Da sassafe yana rawar sanyi, a garin nan da mutum ke zufa tun ƙarfe bakwai. Na sa masa tsohuwar singiletin Abelardo na ɗaure ta baya. Ya shinshina ta ya daɗe, sannan ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata. Bai taɓa yi mini haka ba. Na zauna ban motsa ba har gahawa ta huce.

Laraba, 12 ga Maris, tsakar rana

Na auna. Babu bambanci. Na share shago, ban san dalili ba, ba mai zuwa.

Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Yau na so ƙasa ta tsage in shige.

Na kai shi wajen likitan dabbobi don katin rigakafi. Dokta Pinzón ya shafa bayansa ya ce, “An sa masa goma ke nan. Saboda zafi?” Na ce a'a, ai goma na ce a sa, ita kuma sakaryar ta sa ɗaya. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce na karnuka a juye yake da na mutane: huɗu ita ce mai barin gashi, bakwai ta fi kwashewa, goma kuwa kusan fata ce. Ya ce masu aski da yawa suna faɗawa wannan ramin, shi ya sa masu wankin karnuka suke tambaya sau biyu.

Sau uku ta tambaya. Biyar, in an haɗa da waya.

Na tambaye shi kwana nawa gashi zai yi ya dawo. Ya ce wata biyu zuwa uku. Na ce kwana tara nake da su. Ya ce to sai dai a saya masa riga, ya yi dariya shi kaɗai.

Duk da haka ai da ta dage. Da ta riƙe hannuna ta ce tsaya. Yarinya ce, ina ta ga fuskar riƙe hannuna? Ni ma na san yadda fuskata take in na ɗaure ta. Abelardo yakan ce ko ɗan sanda sai ya nemi izini kafin ya gaishe ni.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Ban buɗe saƙonnin ba. Na goge madubin shago sau biyu.

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ni na jawo wa kaina. Na ce bari in gwada, don kada ranar ta zo masa a ba-zata. Na nuna masa hoton Coronel a waya, wanda na ɗauka jiya. Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya nisantar, ya sake kawowa. Ya miƙo mini cikin ladabi.

Ya ce, “Karen wa ne wannan, baiwar Allah? Ba shi da lafiya ne?”

Baiwar Allah. To, na rubuta. Tun Nuwamba haka yake kira na, kuma ban gaya wa kowa ba, ko Maritza.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake riƙe da sunansa, ni kuma na kai an aske shi don na fi ƙarfin a yi mini bayani. In ya dube shi ranar Lahadi ya ce ba shi ba ne, gobe wa zai tambaya? Tsoro nake ji. Na yi tunanin in ce wa Sista Inés a ɗaga zuwa watan Mayu. Amma na ga yadda yake a Janairu, na ga yadda yake yau, ban san wanda zan tarar a Mayu ba.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na saurara. Na farko tun ranar ne, kafin ta fara: tana roƙo in kira ta, minti ɗaya kawai, don goma gajere ne ƙwarai, in ba ta ji daga gare ni ba za ta bi abin da na ce tunda mutane da yawa suna son haka lokacin zafi. Na biyu haƙuri take ba ni, ita da aka zaga. Na uku cewa ta yi akwai wani abu na don Abelardo a wajenta, in na sami sukuni in zo.

Na sake sauraron na farkon sau huɗu, ban san me nake nema a ciki ba.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Na je. Na tsaya a gidan burodi na sayi alkaki irin namu mai cuku, don ban san yadda ake shiga irin wannan wuri hannu biyu ba. Ban iya ba da haƙuri ba, ban taɓa iyawa ba. Na ajiye ledar a tebur na ce likita ya gaya mini zancen lamba. Ta ce ba komai, doña. Na ce da komai. Iyakar abin da ya fito ke nan, ita kuma ta gane, ta jawo mini kujera.

Na gaya mata gaskiya. Inda yake, da ranar Lahadi, da hoton. Ban taɓa jera maganar a bakina ba sai yau, kuma a gaban yarinya mai shuɗin gashi, wani ƙaton kare yana ta haushi a keji. Na ce tunda jiki ya tafi, ko za ta rage gemun ma ya yi daidai da sauran, ya daina kama da abin dariya.

Ta ce, “Wannan kam ko za ki sake zagina, doña, ba zan taɓa ba.”

Na buɗe baki. Na tuna. Na rufe. Na ce ina jin ta.

Ashe shekara biyar yana kawo shi, Laraba ta farkon kowane wata, kuma bai taɓa barin ta sa almakashi a fuskar ba. Ita jiki, da lamba huɗu, shi fuska. In ta gama sai ya ciro almakashinsa da matajinsa daga aljihu, ya ce wa kare, “Ranka ya daɗe, a ɗaga haɓa,” kare ya ɗora haɓa a tafin hannunsa, ya gyara masa gashin baki tsinke-tsinke yana ba shi labarin siyasa. Ta ce ya taɓa gaya mata haka yake aiki da matarsa, ita take farawa shi yake gamawa, kuma duk garin ba mai hannun inji kamar tawa. Na ce mata ƙarya yake, kullum cewa yake ina gaggawa. Ta ce wannan ma ya faɗa.

Sai ta buɗe durowa ta ɗauko ƙaramar kwalba da jan ƙyalle. Tun kafin ta buɗe na san mene ne. Ruwan ƙamshin da yake haɗawa da kansa ne, ɓawon lemo da kanumfari, wanda yake shafa wa mutane bayan aski. Ta ce ta hana shi sa wa kare a fata, sai suka shirya a kan ɗigo biyu a ƙyalle, a ɗaura masa a wuya. Ranar da na kawo shi ta so ta ɗaura, ban tsaya ba.

Akwai sauran magana, ita ce mai nauyin. Ta ce tun watan Yunin bara ya fara rikita ranaku. Wani mako sau uku ya kawo shi, ita kuma sai ta taje shi kawai ta ce an gama. Wata rana ya zo da igiya a hannu babu kare, ta rufe shago ta rako shi har kwanarmu. Ta ce a watan Agusta ta zo ƙofar shagonmu don ta gaya mini.

Na tuna. Ina tsakiyar aski, wata yarinya ta tsaya a ƙofa ta ce doña, minti ɗaya. Na ɗauka masu tallar sabulun gashi ne. Ban ko juyo ba na ce ba ma buƙata.

Agusta. Wata huɗu kafin a tsince shi a tashar mota da takalmi ƙafa ɗaya.

Ta ce kada in ɗora wa kaina, ciwon ba ya jin magana ko an sani da wuri. Wataƙila haka ne. Na ci alkaki ɗaya don in sami abin yi da bakina.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Ba na buƙata. Ba ma buƙata. Tun da na tashi yake yawo a kaina.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na kira Maritza da kaina. Na gaya mata abin da babanta yake kira na. Ta yi kuka, na bar ta ta gama, ban ce gahawa tana tafasa ba. Ta ce ita tun Oktoba yake ce mata malama.

Na auna. Ya kai rabin haƙorin mataji. In an shafa yanzu akwai ɗan laushi, kamar kan yaro bayan sati biyu.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Wanka. Wannan karon na zauna har aka gama. Yurley ta ce in faɗi abin da nake so da yatsa, ba da lamba ba, ta kuma maimaita mini kafin ta taɓa komai: wanka, yankan farce, share kunne, gemu a taje kawai. Na ce haka ne. Ta ce in sake faɗa, don ta san ni yanzu. 'Yar banza, har ta sami bakin tsokanata.

Gemun ya yi tsawo ƙwarai, wata huɗu ba a gyara ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Ta lura, ta janye almakashi daga gabana ta ce wannan aikin mai shi ne.

Ta ba ni kwalbar da ƙyallen. Ta ce ɗigo biyu, kuma sai mun isa ƙofa. Na ce in bai gane shi ba fa? Ta ce ba ta sani ba, doña. Na ji daɗi da ba ta yi mini ƙarya ba.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe shida na safe

Na sa mataji a jaka. Na cire. Na mayar.

Lahadi, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Bari in rubuta tun ban fara gyara abin a kaina ba.

Mai tasi ya so ya ƙi ɗaukarmu, na dube shi, ya buɗe ƙofa. A bakin gidan na ɗiga biyu a ƙyalle na ɗaura. Sista Inés ta duba kati, ta dubi kare, ta ce ashe haka yake, ta ɗauka mai gashi ne. Na karɓi katina na wuce.

Yana zaune a inuwar mangwaro. Coronel ya hango shi tun daga nesa, ya fizge igiyar daga hannuna, ya tafi da gudu yana wani irin kuka da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya yi ta tsalle a jikinsa. Abelardo ya janye ƙafafunsa, ya ɗaga hannuwa sama, ya dube ni ya ce baiwar Allah, ki kama karenki mana.

Abin da na ji tsoro ke nan, kalma da kalma. Na tsaya kamar an dasa ni. Sista ta taho za ta kama igiyar, na ce ta dakata. Ban san inda na samo haƙurin ba.

Karen ya gaji da tsalle. Ya zauna a gabansa yana haki. Sai ya matso a hankali ya ɗora haɓarsa a kan gwiwarsa, ya ɗaga ta sama, ya tsaya cak.

Abelardo ya daɗe yana kallonsa. Na ga hancinsa ya motsa. Hannunsa ya sauko da kansa, ba ta baya ba, ta ƙarƙashin haɓa, yatsu suka shige cikin gemun. Ya ja gefen dama, ya ja gefen hagu, ya gwada tsawonsu kamar yadda na ga ya yi wa mutum dubu.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ka yi sake. Gefen nan ya fi.”

Sannan ya shafa bayan. Ya tsaya. Ya sake shafawa, ya leƙa haƙarƙari, ya leƙa ƙafafu, fuskarsa ta ɗaure irin ta ranar da almajirin aski ya ɓata kan ango.

“Coronel! Wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?”

Sista ta kama hannuna. Ya miƙo hannun hagu gefe, bai ko duba ba, tafi a buɗe, yadda yake yi in yana tsakiyar aiki. Na zuge jaka na sa masa mataji a ciki. Ya fara taje gemun yana mita, wai an kunna inji ba a tambayi mutum abin da yake so ba, wai gaggawa, kullum gaggawa, shekara nawa yana faɗa. Yana cikin mitar ya ɗago ya dube ni. Ba kallon motar haya ba. Kallon nan na haushi, wanda na sha shekara arba'in da ɗaya ina ramawa.

Ya ce, “Mirita, ke ce?” Sunana na gida ke nan, rabon da in ji shi a bakinsa tun Nuwamba.

Ban san wanne yake tambaya ba, askin ko ni. Ban tsaya bincike ba, amsar ɗaya ce.

Na ce, “Ni ce, Abelardo.”

Ya girgiza kai ya ce ai ya sani, ya ce in matso in riƙe masa kunnen kare. Na matsa gefen hagunsa, inda nake tsayawa, na riƙe.